Ranar da Na Tsallake Hankaka

Ba zan faɗi sunansa ba. Na san shi sarai, har na ubansa na sani don sai da na bincika, amma tun waccan shekarar bakina bai furta shi ba, kuma ba yau zan fara ba. A gidana Hankaka muke ce masa, saboda baƙar kwat da farar riga mai tattara a ƙirji da ba ya rabuwa da su, da kuma saboda kirarin tsuntsun da kowa ya sani, hankaka mai da ɗan wani naka.

A tsakiyar shekarun dubu biyu ne, muna zaune a gabashin Greensboro, ba nisa da jami'a. Ni ina aiki a gidan kula da tsofaffi, maigidana kuma direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya da a gida. 'Yarmu tilo, wadda muka zo da ita daga Damagaram tana ƙarama, ta shiga jami'a a lokacin. Yarinya ce mai bakin waƙa tun tana goye. A banɗaki waƙa, a kicin waƙa, a mota waƙa, har sai na ce mata ta bar mutane su ji da ransu.

Abin ya fara ne daga kwallina. Na lura yana ƙarewa da wuri, alhali ni ba kullum nake sawa ba. Daga nan sai baƙaƙen kaya suka cinye mata durowa, riga baƙa, siket baƙi, ɗankwali baƙi, takalmi mai nauyi irin na sojoji. Ran da na gaji na tambaye ta ko wani ne ya mutu ba a gaya mini ba. Ta yi dariya ta amsa da Turanci, kamar yadda ta saba ko da Hausa na yi mata magana, ta ce salon kiɗa ne, gotik rok ake ce masa, kuma ta shiga wata ƙungiya tana kaɗa musu piyano tana amshi. Ta kunna mini in ji. Ganga mai nauyi, jita tana kuka, namiji yana waƙa da murya kamar daga cikin rijiya, zancen duk na kabari ne da ruwan sama da soyayyar da ta lalace. Na ce mata yara da ƙoshinsu da lafiyarsu sun rasa abin yi sai makoki.

Mun yi faɗa ba kaɗan ba a kan haka. Daga ƙarshe muka daidaita a kan ba za ta bar salla ba, ba za ta cire ɗankwali ba, karatu kuma yana gaba da komai. Matan garinmu da ke nan suka sa mu a baki, wai 'yar wance ta shiga matsafa. Wata Hajiya da muke haɗuwa a wajen suna ta ja ni gefe ta ce in nemo mata rubutu ta sha. Na ce mata na gode, in an samo sai mu raba da ɗanta da ke sa wando a ƙasan ɗuwawu. Ba ta sake ba ni shawara ba.

Abin da matan nan ba su sani ba shi ne mahaifiyata zabiya ce. A Damagaram ba a yin bikin da ya amsa sunansa ba ta je ta wasa mutane ta rangaɗa guɗa ba. Da na zo Amurka ban yi tallan haka ba, don na san mutanenmu, ko a bayan duniya suka je sai sun tafi da ma'auninsu na wane ɗan wane, kuma na gaji da zama kusa da ƙofa. Amma a cikin gidana ban ɓoye ba. Ina girki ina rera waƙoƙinta, kuma tun 'yata tana firamare na koya mata guɗar gidanmu. Guɗar Inna daban take da ta kowa. Tana tashi sama, sai ta karye a tsakiya ta sauko har ka ce ta mutu, sannan ta sake miƙewa ta wuce inda ta faro. Duk wanda ya taɓa jin ta a garinmu ya san daga wane gida ta fito.

Hankaka shi ne shugaban ƙungiyar, shi ne mai muryar rijiyar. Dogo ne, siriri, yana shafa farar hoda a kan farar fatar da Allah ya riga ya ba shi. Ya zo gidana ba sau ɗaya ba. Ya zauna a kujerata ya ci dambu da yaji har hodar ta jiƙe da zufa, yana ce mini Mama. A kicin ɗina ne ya fara jin 'yata ta yi guɗa don ta ba abokanta dariya, na ga yadda ya ajiye cokali ya zuba mata ido. Daga baya ta gaya mini sun gina waƙa guda a kan wani amshi na Inna, na rarrashin yaro, kuma a tsakiyar waƙar kiɗa yana tsayawa cak, ita kaɗai ta yi guɗar. Na yi kamar ban damu ba, amma raina ya yi fari, don na ce ashe muryar tsohuwa za ta tsallaka teku bayan ranta.

Faifan ya fito a farkon bazara. Ta shigo da shi gida ta ajiye a kan tebur, ta shige ɗaki. Na ɗauka na duba. Fuskar Hankaka ce ta cika bangon, ya sunkuyar da kai kamar mai ciwon wuya. A ciki an jera wanda ya buga ganga da masu jita biyu, an kuma rubuta cewa duk waƙoƙin shi ya tsara su. A wajen piyano sunan wata yarinya ce daban, sabuwar budurwarsa, wadda ya sa a gurbin 'yata bayan an gama ɗaukar komai. Can ƙasa da ƙananan haruffa aka ce akwai muryar gargajiya daga Afirka. Na juya faifan gaba da baya ina neman sunan 'yata, babu shi.

Gidana ya yi tsit daga ranar. Tana zuwa makaranta, tana dawowa, tana cin abinci, tana gaishe ni, amma waƙa ta ɗauke. Ruwa ya zuba a banɗaki har ya tsaya ba ka jin komai. Ta lulluɓe piyanon da tsohon zanena. Ni da nake ce mata ta rufe mana baki, sai ga ni ina laɓewa a ƙofar kicin ko zan ji ta yi ko da ɗan gunguni ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gidan rediyon ɗalibai ya kama waƙar yana ta sawa. Wata safiya muna mota tana kai ni aiki sai ga guɗar Inna ta fito daga lasifika, da muryar 'yata, mai gabatarwa kuma ya ambaci Hankaka shi kaɗai. Ta miƙa hannu ta kashe rediyon.

Na nemi yaron na same shi a wani shagon shan kofi a titin Elm, ranar da ba ni da aiki. Ya tashi da fara'a zai rungume ni, na ce ya zauna. Na tambaye shi ina sunan 'yata. Ya yi ta kewaye-kewaye, wai ƙungiya ta canza hanya, wai ba shi da wata matsala da ita. Na ce ba wannan na tambaya ba. Sai ya gyara zama, ya yi mini bayani a hankali kamar yadda nake yi wa tsofaffin wajen aikina in za su sha magani.

"Mama, ki gane, wannan sauti ne kawai," in ji shi. "A faifan akwai ƙarar ruwan sama, akwai ƙararrawa. Ba wanda yake rubuta sunan ruwan sama."

Ban mare shi ba, kuma har yau ina mamakin kaina. Na tashi na ɗauki jakata na ce masa ya gaida gida. Ina tafiya zuwa tashar bas ina lissafa abin da ya yi mana. Ya ci dambuna, ya ci muryar uwata, ya ci sunan 'yata, sannan ya haɗa mu da ruwan sama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A bas ɗin na rantse sai na rama, ko da ban san ta inda zan fara ba.

Inna takan ce kafin ka taɓa mutum ka fara sanin nauyinsa. Don haka Asabar ɗin da ta biyo na koma titin Elm, na shiga wani kantin sayar da faya-fayai da 'yata take yawan zuwa. Mai kantin dattijo ne mai furfura, ya ɗaure gashinsa ta baya kamar mace. Na ajiye masa faifan na ce ya gaya mini gaskiya, wannan yaron wane ne shi a cikin masu wannan kiɗa. Ya dube ni da atamfata da mayafina, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya jawo mini kujera.

Ashe su ma masu makokin nan suna da manya da ƙanana. Ya ce a can sama akwai waɗanda suka faro abin a Ingila tun shekarun baya, su ne fuskokinsu ke kan rigunan yara, kuma ko a cikinsu ana musu har gobe a kan wa ya fi wani. Ƙasa da su akwai masu yawo jiha-jiha a babbar bas. Ƙasa da waɗannan akwai masu yawo a tsohuwar motar kaya suna kwana a cikinta. Sai na gari, waɗanda suke aiki da rana, ranar hutu su yi kiɗa, iyakar sunansu inda man motarsu ya kai. Na ce to Hankaka fa. Ya nuna can ƙasan da yatsa. Na ce ashe duk wannan ɗaga kai a kan sarautar da ba ta fi faɗin tabarma ba ce.

Ya ce kar in raina, a kan tabarmar ma ana yaƙi. A Greensboro mutum biyu ne ke jan ragamar, Hankaka da wata mata da ta daɗe tana yi tun shi bai fara gemu ba, har ma a wajenta ya faro yana ɗaukar mata lasifika. Muna cikin maganar wasu samari biyu masu baƙin farce da ke duba faya-fayai suka sa baki. Ɗaya ya ce matar ta fi, don an san ta har Virginia, kuma ita take rubuta waƙoƙinta. Ɗayan ya ce wannan tsohon zance ne, a je a duba shafinsu na intanet a ga wa ya fi tara abokai, a duba turakun fitilar titi a ga sitikar wa ta fi yawa, sannan waƙar wa ake ji a rediyo. Na farkon ya ce waƙa ɗaya ce tak, kuma ba don wannan kukan matar da ke tsakiya ba da ba wanda zai saurare ta. A garinmu ba haka ake auna mawaƙi ba, mu wanda mata ke daka da waƙarsa shi ne ya shahara, amma na gane lissafinsu.

Dattijon ya ƙara mini da abin da ya fi kowanne. Ya ce duk ƙarshen Oktoba sukan yi taro a gonar wani mutum a McLeansville, ƙungiyoyin garin duka su yi kiɗa daga rana tsaka zuwa faɗuwarta, don mai gonar ba ya son a dame masa shanu bayan duhu. A wajensu wanda ya rufe taro shi ne babba, kuma sunansa ne ake rubutawa da manyan haruffa a saman fosta. Shekara da shekaru matar ce ke rufewa. Bana an ba Hankaka, saboda waƙar nan. Wato da muryar 'yata ya hau kan uwar ɗakinsa.

A nan na tuna wani biki a Damagaram ina budurwa. Wani attajiri ya wulaƙanta Inna a bainar jama'a, ya ce a kore ta daga ƙofarsa. Bayan 'yan makonni suka haɗu a bikin wani gida. Ni na zaci za ta yi masa zambo ta tsige shi tas, har na matso gaba don kar in rasa ko kalma. Sai ta wasa na damansa har kakanni, ta wasa na hagunsa, ta wasa yaron shagonsa da ke tsugune a bayansa, ta dube shi ido cikin ido ta wuce. Mutumin bai jira abinci ba. A hanyar gida na tambaye ta me ya hana ta zage shi.

"Zagi ma ɗauka ne," ta ce. "Wanda kika zaga kin goya shi kin kai shi gari-gari. In kina son ki gama da mutum, ki kira kowa ki tsallake shi."

Dattijon ya haɗa ni da matar. Mujiya na sa mata, ba da mugun nufi ba, sai don yadda take zagaye idanunta da baƙi. Da rana a asibitin dabbobi take aiki, na same ta lokacin hutunta tana cin burodi a mota, gashin kyanwa duk ya manne mata a riga. Ta san 'yata, ta kuma san muryar wa ke cikin faifan, ta ce kowa a cikin masu kiɗan ya sani, amma ba wanda yake son rigima. Na gaya mata sana'ar uwata da abin da nake so. Ita ce za ta yi kiɗa kafin shi, don haka na roƙi ta bar mini ƙarshen lokacinta da mai gangarta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tambaya ko zagin sa zan yi da yarenmu. Na ce ko kusa, sunansa ma ba zai fito daga bakina ba. Ta yi murmushi ta ce ashe na fi ta mugunta.

Watannin da suka rage na yi su ina haddar mutane. Zabiya ba ta riƙe takarda, a ka take ɗaukar jama'a, don haka na yi yadda na ga Inna tana yi. Duk Asabar ina kantin dattijo, yana nuna mini hotuna yana faɗa mini wane ne wane, ina maimaitawa har harshena ya saba da sunayensu masu wuyar faɗa. Na san mai gangar da ke gyaran famfo, da mai jitar da ke koyar da lissafi, da matar da ke ɗinka musu riguna, da mai haɗa wayoyin lasifika, da mai gonar da matarsa. Kowanne na nemo masa abin da za a yabe shi da shi. A wajen aiki ina juya tsofaffi a gado ina jera sunaye a zuci. Na san in na hau dandamali labari sai ya kai ga matan garinmu, su ce ashe 'yar zabiya ce. Na ce su faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

'Yata ba ta san komai ba sai ana gobe. Na ce mata za ta kai ni McLeansville, don ni ba na tuƙi a babbar hanya. Ta ce ba za ta taka wajen ba. Na ce ban ce ta shiga ba, ta ajiye ni ta zauna a mota, in kuma ta ƙi zan kira tasi in je ni kaɗai, duk abin da ya faru ita ta sani. Ta dube ni da tsoro, don ta san halina, ta ce da Turanci don Allah kar in kunyata ta.

Ranar ta zo da rana tarwai, ga sanyi kaɗan. Muka bi ta cikin gonaki da gidaje jefi-jefi, kowace ƙofa da kabewa a gabanta, kamar yadda suke ado a ƙarshen Oktoba. A filin kuwa sai ka ce an yi ruwan baƙin yadi. Mutanen duhu sun fito tsakar rana, kowa ya fake a ƙarƙashin baƙar lema kar hodarsa ta narke, shanu suna leƙensu ta bayan shinge. Ni na sa shaddata shuɗiya mai aiki, na kafa ɗauri irin na Inna, ni kaɗai ce mai launi a wajen. 'Yata ta ajiye mota a can ƙarshen fili inda ake jera motoci, bayan jama'a, ta ce nan za ta tsaya.

Bayan la'asar Mujiya ta gama waƙoƙinta. Ta gaya wa jama'a cewa ga wata uwa daga Nijar, a ƙasarsu akwai mata masu kiran sunan duk wanda ya isa a kira shi, kuma yau za ta kira waɗanda suka riƙe wannan kiɗa a garin nan. Ta miƙa mini makirfo. Na dubi gefen dandamali na ga Hankaka tsaye da mutanensa suna jiran a gama su hau, yana gyara tattarar rigarsa. Na yi wa mai ganga alama, na buɗe baki, muryar da na daɗe ina dannewa ta fito.

Da dattijon kanti na fara. Na kira sunansa na ja shi, na yi masa kirari da Hausa, na ce rumbun waƙa, uban marayun kiɗa, na ɗan fassara da guntun Turancina. Jama'a ba su gane Hausar ba amma sun gane sunan, fili ya ɗauki tafi, tsoho ya cire hula yana share ido. Na kira mai gona da matarsa. Na kira mai wayoyi, wanda ba a taɓa ambata a taro ba, ya daskare da waya a hannu. Na kira mai ɗinki. Na bi ƙungiyoyin ɗaya bayan ɗaya, kowa na nuna shi da hannu na faɗi sunansa da abin da ya iya. Kafin in yi nisa sun gane wasan, duk wanda na juya wajensa sai na kusa da shi su turo shi gaba. Ba su san liƙi ba, sai ihu da tsalle, amma ɗan Adam ɗaya ne a ko'ina, ba wanda ba ya son jin sunansa a bakin wani. Na wasa Mujiya na daɗe a kanta, na ce ita ta share filin da kowa ke rawa a ciki.

Sannan na juya gefen dandamali. Na kira mai gangar Hankaka da ke damansa. Na kira mai jitar da ke hagunsa, da ɗayan da ke bayansa. Har sabuwar budurwar na kira, don yarinyar ba ta yi mini komai ba. Saura shi. Ya tako gaba, ya ɗan buɗe hannuwa, ya sunkuyar da kai irin na bangon faifansa yana jira. Jama'a ma suna jira, wasu har sun fara tafi. Na dube shi ido cikin ido, na bar ganga ta yi ta bugawa har tafin ya mutu, sannan na juya masa baya.

Na fuskanci ƙarshen fili na kira 'yata. Na faɗi sunanta cikakke, da na ubanta, da nawa, da na Inna zabiyar Damagaram, na ce ga mai murya, jikar mai murya. Na kama hanci na rangaɗa guɗar gidanmu, ta tashi, ta karye, ta sauko, ta sake miƙewa. Na ga fuskoki suna canzawa, don duk wanda ke wajen ya san wannan sautin daga rediyo. Kawuna suka juya baya suna neman wadda na kira. Tana tsaye jikin mota ta rufe baki da hannu biyu. Na jira ta amsa mini, ba ta amsa ba. Na miƙa makirfo na sauka, rabin zuciyata fari, rabi kuma ina cewa ko na ƙara mata ciwo ne.

A gindin matakala ya tare ni, hodar fuskarsa ba ta iya ɓoye jan da ya yi ba.

"Mama, kin manta da ni," ya ce.

"Ban manta ba," na ce masa, na wuce.

Dole ya hau, don shi ne mai rufe taro, abin da ya yi ta nema ke nan. Ya yi waƙoƙinsa ana tafi sama-sama. Ni na ratsa jama'a na koma wajen mota na tsaya kusa da 'yata, ba ta dube ni ba. Rana ta yi ƙasa, ya zo kan waƙar da ta ɗaga shi, don ba shi da wata da zai rufe da ita. Amshin Inna ya fara, na ji numfashin 'yata ya canza. Suka kai inda kiɗa yake tsayawa. A nan ya saba danna na'ura guɗar da ya ɗauka ta fito, kuma ya danna.

Sai na ji ta a gefen kunnena. Ta ɗaga kai ta kama hanci ta bi muryarta da ke fita daga lasifika, ta danne ta, ta na'urar ta ƙare tata ba ta ƙare ba. Ta karye ta sauko, ta sake miƙewa ta wuce inda ni kaina nake iya kaiwa. Filin gaba ɗaya ya juyo, lema da lema, suka ba dandamali baya. Wani ya kira sunanta, wasu suka ɗauka, har mai gangar Hankaka na hango ya ɗaga sandunansa yana nuna ta. Yaron ya ƙarasa waƙarsa yana kallon ƙeyoyin mutane. Na tsaya na kalle shi har ya sauka, kuma wallahi na ji daɗi, daɗin da ban nemi gafara a kansa ba. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi.

Labari ya kai ga matan garinmu kafin mako ya zagayo, wani ya ɗauka da waya. Hajiyar nan ta ce dama ita ta ga alama. Bayan wata biyu ita ce ta aiko a tambaye ni ko zan yi guɗa a bikin 'yarta, na ce zan duba. Faifan kuwa ba a sake buga shi ba, yana nan yadda yake, babu sunan 'yata a ciki. A shekarar da ta biyo Mujiya ce ta rufe taro, samarin kanti kuma suka ci gaba da musunsu a kan wa ya fi wani.

Amma a ranar, da muka kama hanyar gida, ta zuba wa titi ido tana tuƙi. Na zaci fushi take yi. Muna wuce gonakin sai ta ce, da Hausa, Hausar da rabon in ji ta a bakinta tun tana firamare:

"Mama, amshin nan na Inna, yaya sauran yake? Rabi kawai na sani."

Na fara rera mata. Ta saurara sau ɗaya, a na biyu ta karɓa, ta yi ta maimaitawa har muka shiga unguwa. Da muka isa ta riga ni shiga gida, ina cire takalmi na ji ta buɗe ruwa a banɗaki, waƙar tana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Na zauna a kujera da ɗaurina a ka, ban ce mata ta rufe mana baki ba.